Jirgin sama mai alkafura

Jiragen sama iri-iri ne. Akwai manya masu ɗaukar ɗaruruwan mutane, kaman waɗanda ke kai alhazai ƙasa mai tsarki. Akwai na ɗaukar kaya, akwai ƙanana masu feshin maganin fara. Galibinsu an ƙera su ne don su yi tafiya a miƙe, cikinsu yana kallon ƙasa, bayansu yana kallon sama. Amma akwai wani ƙaramin jirgi wanda aikinshi dabam ne. Shi yana alkafura cikin iska, yana mirgina, yana tafiya a rigingine ƙafafunshi suna kallon rana. Yakan miƙe tsaye kaman tabarya ya yi sama har gudunshi ya ƙare, sa'an nan ya juyo da kai ƙasa. Sunan wannan jirgi CAP 10, a ƙasar Faransa aka ƙera shi.

Wanda ya gan shi zai ce wasa ne kawai. Wasan yana ciki, amma jirgin na koyarwa ne. Kujerunshi biyu: ɗaya ta malami, ɗaya ta ɗalibi.

Asalinshi

Cikin shekarun 1950 wani Bafaranshe mai suna Claude Piel ya zana wani ƙaramin jirgi na katako, ya sa mashi suna Emeraude. Jirgin yawon shan iska ne, mutane da yawa sun ƙera shi da hannunsu a gida. Daga baya wani mutum, Auguste Mudry, ya ɗauki wannan zane, shi da ma'aikatanshi suka ƙara mashi ƙarfi, suka sa mashi babban inji, suka gyara wutsiyar. Abin da ya fito shi ne CAP 10. Ya yi tashin farko a watan Agusta na 1968, aka fara ƙera shi don sayarwa a 1970. Masana'antar Mudry tana garin Bernay, a yankin Normandi. An ƙera kimanin 300.

Sojan sama na Faransa sun yi shekaru da yawa suna koyar da ɗalibansu da shi a makarantarsu ta Salon-de-Provence. Sojan ruwa ma sun yi ta gwada masu son zama matuƙa da shi, don su tantance wanda zai iya da wanda ba zai iya ba. Ya je Amurka, ya je Meziko. A Afirka, ƙungiyar wasan jirage ta sojan saman Maroko, wadda ake kira Marche Verte, da CAP 10 ta fara aikinta cikin shekarun 1980.

Jikin jirgin

CAP 10 ba babba ba ne. Tsawonshi daga hanci zuwa wutsiya mitir 7 ne da ɗan kai. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mitir 8. In ba kowa ciki kuma ba mai, nauyinshi kimanin kilo 550 ne, wato bai kai na ƙaramar mota ba. Injinshi ƙirar Lycoming ne na Amurka, mai ƙarfin doki 180, yana juya farfela mai baki biyu. Yana gudun kilomitir 250 cikin awa guda. In ya sa kai ƙasa yakan fi haka, amma an hana matuƙi ya wuce 340, ko mi ya faru. Ƙafafunshi uku ne, biyu manya a gaba, ƙarama ɗaya ƙarƙashin wutsiya.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne kusan dukan jikinshi katako ne. Aikin kafinta ne, amma kafinta mai tsananin kula. Cikin fiffiken akwai wani dogon katako mai kauri wanda ya ratsa daga wannan baki zuwa wancan. Shi ne azarar fiffike, shi ke ɗauke da nauyi kaman yadda azara ke ɗauke da rufin soro. Bisa azarar aka jera ƙananan sanduna kaman haƙarƙari, aka rufe su da siraran falankai, aka manne duka da gam mai ƙarfi, aka lulluɓe da ƙyalle, aka shafa fenti. Masu ƙera ƙananan jirage a Faransa suna yawan aiki da falankin okume, wani itace na kurmin Gabon, sabili da ba shi da nauyi.

Malami da ɗalibi suna zama kafaɗa da kafaɗa, ƙarƙashin wani murfi mai haske kaman gilashi wanda ake turawa baya in za a shiga. Jiragen alkafura da yawa ba haka suke ba, mutum ɗaya ne gaba ɗaya baya. Zaman kafaɗa da kafaɗa ya fi kyau ga koyarwa. Malami yana ganin hannun ɗalibi, yana ganin inda yake duba. Yana kuma ganin fuskarshi: in ya ga gumi ya keto mashi, ya daina magana, ya san cikinshi ya fara juyawa, lokacin komawa gida ya yi.

Kowane ɗayansu yana da sanda tsakanin ƙafafunshi da feda biyu. Sandunan haɗe suke, in ɗaya ta motsa ɗayar ma ta motsa. In aka jawo sanda baya, hancin jirgi ya ɗaga. In aka tura ta gaba, hanci ya sunkuya. In aka kai ta dama ko hagu, jirgi ya kishingiɗa wajen. Su kuma feda suna juya wani faifai da ke tsaye bisa wutsiya, shi ke karkata hanci dama ko hagu. Da waɗannan abubuwa uku, da maƙurar inji, ake yin duk abin da mai kallo ke gani daga ƙasa.

Tafiya a rigingine

Wanda ya taɓa fid da tafin hannunshi cikin iska lokacin da mota ke gudu ya san wani abu. In tafin yana kwance, iska na wucewa kawai. In ya ɗan ɗaga gaban tafin, sai iska ta tura hannun sama. Fiffike haka yake aiki. Yana tarbar iska a ɗan karkace, ya tura ta ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. To, in jirgi ya kife, matuƙi sai ya tura sanda gaba har hancin ya ɗan ɗaga sama da layin da sama ta haɗu da ƙasa. Fiffiken ya sake tarbar iska a karkace ke nan, sai dai yanzu bayanshi ne ke aikin da cikinshi ke yi dā.

Fiffike ba shi ne babbar wahala ba. Wahalar tana wajen inji. In aka kife butar ruwa, ruwan da ke gindi zai koma wajen murfi. Haka isansi, wato man fetur, ke yi cikin tanki. Bututun da ke shan mai daga gindin tanki sai ya sha iska, inji ya mutu. Dabarar da ake yi a irin waɗannan jirage ita ce a sa tiyo mai lanƙwasa da wani ɗan ƙarfe mai nauyi a bakinshi. Duk inda mai ya gangara, bakin tiyon ya bi shi. Baƙin mai, wanda ke hana ƙarafan inji cin juna, shi ma yana barin mazauninshi in jirgi ya kife. Shi kuma an yi mashi hanya biyu, ta ƙasa da ta sama, da wani ɗan ƙwallon ƙarfe a tsakani. Ƙwallon yana faɗawa wajen da ƙasa take, ya toshe hanya ɗaya ya buɗe ɗayar. CAP 10 yana da tankin mai biyu, na gaba da na baya. Ba a alkafura sai na baya ya zama wayam, don kada nauyi ya rinjaya wajen wutsiya.

Mutanen da ke ciki su ma sai an shirya su. Ana ɗaure su da ɗamara ta kafaɗu, da ƙugu, da tsakanin cinyoyi, a ja ta tamau har numfashi ya ɗan yi wuya. Kowa yana goye da laimar sauka. Kafin a shiga kuma sai kowa ya zazzage aljihunshi. Kuɗin ƙarfe ɗaya ko makulli, in ya faɗi lokacin da jirgi ke kife, yana iya gangarawa ya maƙale cikin igiyoyin da ke motsa wutsiya.

Nauyin da ke ƙaruwa

In yaro ya ɗauki guga da ruwa ciki, ya wulwula shi da sauri kaman majaujawa, ruwan ba ya zuba ko lokacin da bakin gugan ke kallon ƙasa. Yaron kuma zai ji gugan ya ƙara nauyi, yana jan hannunshi. Abin da ke samun matuƙi ke nan in yana alkafura. Jirgi ya fara sa kai ƙasa kaɗan don ya tara gudu, matuƙi ya jawo sanda, jirgi ya hau sama ya zana zobe ya dawo inda ya taso. Ko a ƙololuwar zoben, inda kanshi ke ƙasa, matuƙi yana manne da kujera kaman ruwan cikin guga.

Masana suna auna wannan ƙarin nauyi da harafin G. Mutumin da ke zaune lafiya bisa tabarma yana jin G 1, wato nauyinshi na kullum. Lokacin shiga alkafura matuƙi yakan ji kusan G 4. In nauyinshi kilo 70 ne, ya zama kilo 280. Kumatunshi su zazzago, hannunshi ya yi nauyi kaman an ɗaura mashi dutse. An ƙera CAP 10 don ya jure G 6 a miƙe, da 4 da rabi a kife. Ga lissafin: in za a yi alkafura ba a yarda nauyin jirgi da mutane da mai ya wuce kilo 760 ba. Kilo 760 sau 6, kilo 4560 ke nan, duka bisa azara guda ta katako. Babban jirgin fasinja kuwa iyakarshi G 2 da rabi.

Sau da yawa mutum ne ke fara gazawa kafin jirgi. In nauyi ya ƙaru, jini ma ya ƙara nauyi, ya gangara ciki da ƙafafu. Zuciya ta kasa tura shi zuwa kai. Ido ne ke fara nunawa: launi ya gushe, kome ya zama toka-toka, gani ya ƙuntata kaman mai leƙe ta cikin kara, sa'an nan duhu. In abin ya ci gaba mutum ya suma. Wanda bai saba ba, G 4 ko 5 na ƴan daƙiƙu ya ishe shi. Shi ya sa ake koya ma ɗalibi ya ɗaure naman cikinshi da cinyoyinshi, ya riƙa numfashi gajere-gajere da ƙarfi, don ya tare jinin a sama. In kuma jirgi yana kife aka tura sanda, jini kai yake taruwa, idanu su yi ja, fuska ta kumbura. Wannan ya fi na farko rashin daɗi nesa.

Katantanwa

Tafin hannun nan da ke cikin iska, in aka ɗaga gabanshi fiye da kima, ba ya ƙara hawa. Iska ta birkice bayanshi, ta tura shi baya kawai. Fiffike ma haka. In karkatarshi ga iska ta wuce kimanin digiri 15, iska ta sake shi, jirgi ya faɗi. In kuma fiffike ɗaya ya riga ɗan'uwanshi saki, jirgi ya sa hanci ƙasa yana juyawa kaman katantanwar da yara ke murzawa bisa rairayi.

A farkon zamanin jirage katantanwa ta kashe matuƙa da yawa, ba wanda ya san maganinta. Mutumin da ya ga ƙasa tana taso mashi, abin da hannunshi zai yi shi ne ya ja sanda da ƙarfi don ya ɗaga hanci, wannan kuwa ba ya tsai da juyin. A 1912 wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Wilfred Parke, ya faɗa cikinta. Ya gwada duk abin da ya sani bai yi ba. Saura kaɗan ya bugi ƙasa sai ya taka fedar da ke gaba da juyin, nan take jirgi ya miƙe. Har yau wannan ne tushen maganin: a rage inji, a taka fedar da ke gaba da juyin har ƙarshe. Yadda za a riƙe sanda kuwa, kowane jirgi da abin da littafinshi ya ce, kuma sai an hardace shi tun a ƙasa.

Shekara guda bayan haka, a watan Satumba na 1913, wani sojan Rasha mai suna Piyotir Nesterof ya yi alkafura ta farko da jirgi a birnin Kiyef. Ladan da ya fara samu shi ne kaso na kwana 10, wai ya yi ganganci da kayan gwamnati. Cikin watan nan kuma Bafaranshe Adolphe Pégoud ya tashi a rigingine, ya yi tashi alkafurar gaban jama'a.

Jin magani a aji dabam, yin shi dabam. Don haka malami ke hawa da ɗalibi can sama ƙwarai, inda akwai sararin gyara kuskure, ya jefa jirgi cikin katantanwa da gangan, ya ce mashi ya fid da su. Ran farko ɗalibi ba ya ma sanin wajen da suke juyawa. Ana maimaitawa har ƙafarshi ta riƙa taka fedar da ta dace tun kafin tsoro ya kama shi.

Wannan darasi bai tsaya ga masu ƙananan jirage ba. Ran 31 ga Mayu 2009 wani babban jirgin Air France ya taso daga Riyo, a Birazil, za shi Pari. Cikin dare, bisa teku, ƙanƙara ta toshe bututun da ke auna gudu. Matuƙin da ke riƙe da jirgi ya yi ta jan sanda baya har iska ta saki fukafukan. Jirgin ya yi fiye da minti 3 yana faɗuwa, injunanshi lafiya lau, matuƙan ba su gane abin da ke faruwa ba. Mutum 228 suka rasu. Bayan wannan haɗari da wasu irinshi, ƙasashen Turai suka sa doka: tun daga ƙarshen 2019, sabon matuƙi ba ya fara aikin jirgin fasinja sai ya yi horon fid da jirgi daga mugun hali, cikin jirgi na gaske. Ƙananan jirage masu kujera biyu irin su CAP 10 ke wannan aiki.

Gasa

An yi gasar duniya ta farko ta alkafurar jirage a 1960, a birnin Biratisilaba. Filin wasan yana cikin iska. Akwati ne wanda ba a gani, tsawonshi mitir 1000, faɗinshi mitir 1000. Ana shimfiɗa fararen ƙyallaye a ƙasa don matuƙi ya gane kusurwoyinshi. Akwatin yana da gindi: manyan gwanaye ba su sauka ƙasa da mitir 100, sababbin shiga kuwa an ɗaga masu gindin sama da haka. Wanda ya fita ta gefe a rage mashi maki. Wanda ya zarce ƙasa ƙwarai a fid da shi. Jirgi mai gudun kilomitir 250 cikin awa yana ratsa akwatin cikin daƙiƙa 15, ga kuma iska tana tura shi gefe.

Wasan yana da rubutunshi. Wani matuƙi ɗan ƙasar Sipaniya, José Luis Aresti, shi ya tsara shi, hukumar wasannin sama ta duniya ta karɓe shi a 1964. Ɗigo shi ne farkon juyi, ɗan gajeren layi a gicciye shi ne ƙarshenshi. Miƙaƙƙen layi tafiya ce a miƙe, layi mai tsinke-tsinke tafiya ce a kife. Kibiya mirgina ce. Bajamushe da Balarabe da Bafaranshe duk suna karanta shi ba tafinta. Matuƙi yana maƙala takardar gabanshi. Kafin ya tashi, akan gan shi gefen fili shi kaɗai, ido rufe, yana taku yana juya hannuwa yana waiwaye. Wanda bai sani ba zai ce taɓin hankali ne. Bitar wasan yake yi.

Alƙalai suna zaune a ƙasa bisa kujeru, sun ɗaga kai. Kowane juyi suna ba shi maki daga 0 zuwa 10. Duk kaucewar digiri 5 tana cin maki ɗaya. Sa'an nan a ninka makin da wata lamba wadda ke nuna wuyar juyin. Ba su neman abin ban tsoro. Suna duba ko zoben ya zagaye sosai kaman faifai, ko kuwa ya fito kaman ƙwai. Suna duba ko layin tsaye ya miƙe sak. Yin zobe mai kyau yana da wuya, domin a ƙololuwa gudu ya ragu, sai matuƙi ya sassauta jan sanda daidai gwargwado. Akwai kuma zagayen da ake ba matuƙi jerin juyin da bai taɓa gani ba, a hana shi gwadawa, sai dai ya bita a ƙasa ya hau ya yi.

CAP 10 ba ya cin gasar duniya, ƙarfinshi bai kai ba. A ƙananan matakai yake wasa, kuma a Faransa akwai gasa ta musamman don jirage masu kujera biyu. Ƙannenshi masu kujera ɗaya su suka kai can: Claude Bessière ya ci gasar duniya da CAP 231 a 1990, Patrick Paris ya ci da CAP 232 a 1998, Éric Vazeille ma da CAP 232 a 2000.

Azarar da allurar

Katako yana da kirki, amma yana da abin da ba ya so. Ba ya son laima, ba ya son kwana a waje. In kuma aka ɗora mashi abin da ya fi ƙarfinshi, ba ya lanƙwashewa kaman ƙarfe a gani. Zarurrukan cikinshi ne ke murƙushewa, ya bar wani ɗan siririn layi wanda ido da ƙyar yake gani, kuma yana ɓoye cikin fiffike. Jirgi ya ci gaba da tashi lafiya wata da watanni. Ran nan kuma, da nauyin da bai kai na dā ba, azarar ta karye.

Haka ya faru ga CAP 10 fiye da sau ɗaya. Fiffike ya rabu da jirgi a sama, mutane suka mutu. Masu bincike suka ga ɓarnar takan fara ne kusa da inda fiffike ya haɗu da gangar jiki. Abin da ke jawo ta shi ne jan sanda fiye da kima, ko mirgina ta fizge da gudu mai yawa, ko sauka mai tsanani. Hukuma ta rage iyakar nauyin da aka yarda a ɗora ma tsofaffin fukafukan, ta rage gudun da ake mirginar fizge da shi, ta kuma sa a riƙa buɗe ƙananan ƙofofi ana duba azarar. A farkon shekarun 2000 aka fito da CAP 10C. Azararshi an ƙarfafa ta da zaren kabon, wanda ya fi katako ƙarfi nesa ba tare da nauyi ba, kuma ya fi na dā saurin mirgina. Lokacin nan kamfanin Mudry ya riga ya rufe, aikin ya koma Darois, kusa da birnin Dijon. Tsofaffin jirage da dama an canza masu fiffike.

Gaban matuƙi akwai wani ɗan agogo mai auna G. Allura uku ke gare shi. Ɗaya tana motsi kullum. Biyun kuwa tura su ake yi, su tsaya inda aka kai su: ɗaya a nauyi mafi yawa na miƙe, ɗaya a na kife. In an sauka, malami da ɗalibi su duba su. Akwai wani ɗan maɓalli da ke mai da su wurinsu, dannawa ɗaya ta isa. Doka ta ce wanda ya ga allura ta wuce jan layi kada ya taɓa maɓallin. Ya rubuta cikin littafin jirgi, ya gaya ma makaniki, a tura jirgin cikin rumfa, ba mai sake hawanshi sai an buɗe fiffike an duba. A wasu ƙungiyoyi an ƙara wata na'ura wadda ke riƙe lissafin da kanta, matuƙi ba ya iya shafe shi.